Igiyar da Bawa Ke Riƙewa

Nasiru, ɗan ƙanena, ya sayo injin jan laka daga Gusau, ya kafa shi a bakin rijiya, ya danna, bokiti ya taso shi kaɗai. Samarin da ke aiki tare da shi suka hau tafi. Washegari ya kira Bawa, mutumin da ya daɗe yana riƙe mini igiya, ya ce masa, "Baba Bawa, kai dai huta hakanan, inji ya karɓe ka." Ni ba a gaya mini ba sai da aka gama. To tunda ba ku tambaye ni ba, kai Nasiru da 'yan tafinka, yau za ku ji, ko kuna so ko ba ku so. Raina a ɓace yake, ba kuma zan ɓoye ba. Abin da kuka karɓe a hannun mutumin nan ya wuce kuɗin cefane. Shi ke fito da shi daga ɗaki da safe, kuma ina tsoron abin da zai yi wa kansa in babu shi.

Kuna cewa yasar rijiya mece ce, ba ka sauka ka kwaso laka ka hau ba? Haka ni ma na ɗauka ranar da Inna ta kai ni wurin Baba Nomau a nan Gummi, shi ne babban mahaƙin rijiya na wancan lokacin. Ban ga cikin rijiya ba sai da gashin baki ya fara fito mini. Igiya kawai yake ba ni. In bi ta da hannu daga wannan kai zuwa wancan in nemo inda ta fara ci, in shanya ta a inuwa don rana tana ƙona ta, kada in yarda ta kwana a ƙasa saboda gara. Sannan ga dagi, ga 'yar diga da aka rage wa ƙota don ta juyu a matsi, ga guga na fata, ga ƙugiya mai baki uku ta kamo abin da ya nutse. Ga fitila aci-balbal. Kafin mutum ya sauka sai an zura fitilar nan. In ta mutu a hanya, iskar ciki ta ɓaci ke nan, sai a saro rassan dogonyaro a ɗaure a yi ta zurawa ana janyewa har iska ta sake. Ku kuwa yanzu kuna zura injin ban-ruwa ciki yana ta tuƙa hayaƙi, ku bi bayansa kuna waƙa. Allah dai ke tsare ku, ba wayonku ba.

Mai igiya ba ya gaisawa da kowa. Ko hakimi ne ya zo wucewa, ba ya ɗaga kai. Ba ya zagayawa, ba ya amsa kiran gida. Na ƙasa in ya kira a amsa masa nan take, in kuma shiru ya yi yawa, na sama ne zai kira. Muryar na ƙasa yake saurara. In ta fara nauyi irin ta mai jin barci, janye shi ake yi ko yana zagin iyayenka. Baba Nomau ya taɓa fitowa daga rijiya ya sharara mini mari don ya kira sau biyu ina can ina kallon 'yan dambe suna wucewa da kalangu. Ya ce, "Kai yaro, rai na kaka riƙe, ba akuya ba!" Kunnena ya kwana yana ƙara. Shi injin naku wace murya yake ji?

Akwai sashen aikin nan da ba a gaya wa mai koyo sai ranarsa ta zo. Tawa ta zo a wani ƙauye can gaba da Bukkuyum. Gawa aka kira mu mu ciro daga rijiya, mace ce mai jego, ko arba'in ba ta yi ba. Mata suka ce tun da ta haihu ta daina magana, ta daina cin abinci, in an miƙa mata jaririn sai ta bi shi da ido kamar na wata. Aka yi ta turare aka ce iska ce. Baba Nomau ya sauka, ni ina kan igiya. Da muka fito da ita aka lulluɓe ta da zane, mai unguwa ya matso ya ɗaga murya don kowa ya ji, ya ce, "Nomau, zamewa tay yi ko?" Baba Nomau ya ci gaba da naɗe igiyarsa. Mai unguwa ya amsa wa kansa: "Zamewa ta. Allah shi jiƙanta." Jama'a suka ce amin. Babu guga a ciki, babu guga a waje, bakin rijiyar a bushe ƙamas don tsakiyar rani ne. Muka kwashe ruwan tas kamar yadda aka saba, sabo ya taru, washegari aka ci gaba da sha.

A shekarun nan na farko, in aka aiko mana irin wannan kira ba sai na tambaya ba, mace ce. Ba yawa ne da su ba, sai a daɗe ba a ji ba. Mai jego, ko wadda yoyon fitsari ya sa aka ware mata ɗaki a bayan gida, ko wadda ta binne 'ya'ya ɗaya bayan ɗaya. Na taɓa ce wa Baba Nomau ashe mata ne kaɗai ke yin wannan. Ya harare ni ya ce, "Kai wawa na. Mace ba ta da wurin zuwa sai rijiya, shi as sa kaka ganinta. Namiji daji shika tahiya, a ce ɓata yay yi." Saboda haka duk wanda ya zo muku da lissafi ya ce da can kaza ne, yanzu kaza ne, ku tambaye shi ina ya sa masu zamewa da masu ɓata. Ni ba ni da lissafi. Abin da igiyata ta ɗauko shi na sani, kuma a gaban idona ya juya daga mata ya koma maza. Ba wai wahalar mata ta ƙare ba, kada ku ji ni a baibai. Amma famfo ya shigo, rijiyoyi da dama an yi musu murfi, yoyon nan ana ɗinke shi, mai jego in ta rikice wasu suna kai ta asibiti.

Mummunar shekarata ita ce wadda gubar dalma ta yi ta kashe yara a Dareta da ƙauyukan ƙasar Anka. Lokacin rabin abokan sana'ata sun bar rijiya sun koma ramin zinare, don mai iya tsai da rami kada ya rufta ana nemansa ido rufe. Ana kawo dutse har cikin gida a daka shi, a niƙa, a wanke, garin ya bi tsakar gida inda yara ke rarrafe. Aka kira ni wani ƙauye can in yashe rijiyoyin da aka riƙa wanke dutse a bakinsu. Ina cikin wannan aiki da hantsi aka zo a guje, wai mutum ya faɗa rijiyar wani gida. Na ɗauka uwa ce, don an ce gidan sun rasa yara. Da na sauka na laluba, hannuna ya taɓa gemu. Uban ne. Shi ya kawo dutsen gida da kansa don ya samu na rufin kwano. Tun da ma'aikatan lafiya suka bayyana abin da ke kashe yaran, bai ƙara zama majalisa ba. Matarsa ta gaya wa matan unguwa ya daina barci, su kuma suka gaya wa mazansu, mazan suka ce ai namiji ne, zai shanye. Shi ma aka ce zamewa ya yi. Mutumin da bai taɓa riƙe guga ba, matarsa ke ɗebo masa ruwan alwala.

Daga nan abin bai koma yadda yake ba. 'Yan bindiga suka shigo, kira ya yawaita, kuma kusan duk magidanta ne. Wanda aka kore wa shanun noma, wanda ya sayar da gona ya karɓo ɗansa ya dawo babu gona, wanda aka ci mutuncin iyalinsa yana durƙushe yana kallo. Wasu ba ta hannuna suka bi ba, a wurin masu wankan gawa nake ji, mun san juna. Kowanne in ka bincika, ya yi magana kafin ya tafi. Ya ce wa wani na gaji, ya ce wa wani ku yafe ni. Amsar ɗaya ce: yi haƙuri, kai fa namiji ne, bar saɓo. A toshe masa baki da haƙuri, in ya tafi a toshe na gari da zamewa. Wannan yana ƙona mini rai, don malamai da bakinsu sun ce ana yi masa wanka ana yi masa salla. Bakin maƙwabta ake tsoro, shi ke nan.

Rijiyar da na haɗu da Bawa tana bayan wata makaranta a nan Gummi, inda aka sauke mutanen Zugu wani karo da aka tashe su. Jama'a sun yi mata yawa, ta cika da laka da robobi, aka kira ni. Ina ta aiki, wani dogon mutum mai furfura kaɗan yana zuwa ya tsaya nesa, hannu a baya. Kullum sai ya zo. Ranar nan na fito shan iska ya matso ya ce, "Malam, gaba nawa ta?" Na gaya masa. Ya ce, "Ruwan hwa, shina shanye mutum?" Wanda ke son a haƙa masa rijiya ƙasa yake tambaya, marmara ce ko yashi, kwalbati nawa za ta ci, yaushe za a kai ruwa. Shi ko ɗaya bai tambaya ba. Ya leƙa, ya daɗe yana leƙawa, ya koma inda yake.

Na tambayi masu ɗiban ruwa, suka nuna mini matarsa, Hajo. Na ja ta gefe. Ba ta ɓoye ba, kamar dama jira take wani ya tambaya. Ta ce, "Baba, ɗanmu babba anka kashe cikin gona, anka kore shanu. Ni na yi kuka har na gaji, mata sun taya ni. Shi ko hawaye guda. Ni ka wankau in samo abin da muka ci, in na aza mai tuwo shi ce ba shi jin yunwa. Shekaranjiya ya ba ƙanenai galmatai da rediyo. Na hwaɗa ma 'yan uwanai, sun ce in bar tona mai asiri."

Kun ga bambancin ke nan. Mace in an yi mata rashi, mata za su cika ɗaki su yi kuka tare, gobe su haɗu wurin niƙa su sake. Namiji a shimfiɗa masa tabarma a ƙofar gida ya zauna ƙiƙam, ana zuwa ana cewa ya haƙuri, yana cewa da godiya. In idonsa ya kawo ruwa a kau da kai, a yi ta ba da labari.

Na koma bakin rijiya. Na ba wanda ke riƙe mini igiya a lokacin dagina na ce ya kai maƙera a gyara masa baki, kada ya yi sauri. Sannan na kira mutumin. Na ce, "Mi sunanka?" Ya ce Bawa. Na ce, "Bawa, riƙe man nan, mutumina ya tahi maƙera."

Ya ce, "Ni ban iya ba."

Na ce, "Ka taɓa riƙe san noma?"

Ya ce ya taɓa.

Na ce, "To ni ban kai sa ƙarhi ba."

Na nuna masa yadda igiya ke bi ta kan gungumen da aka gicciya, ta zagaye turke, ta zo hannu. Na gaya masa doka: ba ya barin wurin, ba ya amsa wa kowa sai ni. Na ɗaura ɗaya kan a ƙuguna. Ganganci ne, na sani, ku ma kada ku kwaikwaya da ka. Haka na sauka.

Wanda bai taɓa sauka ba bai san wannan ba. Daga ƙasa ba ka ganin fuskar na sama, baƙin kai kawai kake hange a tsakiyar haske. Shi ma ba ya ganin taka. Murya kuwa tana tafiya sarai ko raɗa ka yi. Maganar da maza biyu ba za su iya yi a kan tabarma ba, a nan tana yiwuwa. Na cika guga ya ja, na cika ya ja, har hannunsa ya saba. Sannan na kira shi.

"Bawa."

"Na'am."

"Tambayar da kay yi man ɗazu. Kashe kanka kaka son yi?"

Igiya ta yi rawa a ƙuguna. Na fara laluben matakan bango da ƙafa. Sai na ji ya ce, "Awo, haka na."

Ban ce masa yi haƙuri ba. Na ce, "To ba yanzu ba, don in ka bar wurin ga ni ma na tahi, kuma ina da ɗiya ƙanana. Ba ni labarin yaron." Ya ce sunansa Sani. Ya faɗi yadda shi ne ya ce masa ya riga shi zuwa gona ran nan, don shi zai biya ta kasuwa. Daga nan ya yi ta zuba. Ya yi kuka irin na manya, mai fita da ƙyar. Ina tsaye cikin ruwan sanyi har ƙafafuna suka daina ji, ban ce a janye ni ba sai da aka kira azahar.

Ban tsaya nan ba, igiya ba magani ba ce. Na ɗauke shi a babur na kai shi asibiti, na maimaita wa ma'aikacin abin da ya faɗa, yana zaune yana ji. Aka ɗora shi a kan magani, aka ce ya riƙa dawowa, sannu a hankali ya fara barci. Na ce wa Hajo kada a bar shi shi kaɗai. Ƙanensa ya zo har gidana yana huci wai na kai yayansa wurin mahaukata, na zubar musu da mutunci. Na ce masa ya karɓi galma da rediyo hannu biyu bai tambayi dalili ba, yanzu ne ya san mutunci? Ya fita bai yi sallama ba. Ni kuwa kowace safiya ina ƙofar ɗakin Bawa ina cewa, "Taho, ba ni sauka sai da kai." Wata rana ya taso da sauri, wata rana in daɗe a tsaye.

Ban taɓa samun mai igiya irinsa ba. A Adabka, wata tsohuwar rijiya da aka daɗe da rufewa, fitila ta sauka lafiya ta dawo da wutarta. Ina ƙasa na fasa wata laka baƙa, ashe iska na kwance a ƙarƙashinta. Ni dai na san ina magana daidai. Sai na ji an fizge ni sama. Na yi ta zagi, ina cewa wa ya ce a ja. Da na fito na kasa tsayuwa, na yi ta amai. Bawa ya ce, "Ka kira ni da sunan wani." Shi ke nan abin da ya ji. Mutumin da kuka ce inji ya karɓa ke nan. Kuma har yau in lokacin girbi ya zagayo, lokacin da aka kashe Sani, sai an lallaɓa shi. Ciwon bai tafi ba, ya dai samu abin da ke fito da shi waje kullum, da wanda ke jiransa.

Da gwiwoyina suka ƙi, na bar maka aikin, Nasiru, da kayan aiki da mutanen aiki. Da na tare ka da maganar nan me ka ce mini? "Baba, inji ya hi shi sauri, kuma ai muna aika mai da ɗan wani abu ko bai zo ba." Ɗan wani abu! Mutumin da tuwon matarsa ya taɓa gagarar sa haɗiya don ba shi ya nemo ba, shi za ka zaunar ka aika wa sadaka a leda. Ni ban ce ka mayar da inji ba. Ya ja laka, ai don haka aka yi shi. Amma wanda ke ƙasa yana bukatar kunne a sama, kuma a cikinku babu mai iya ajiye waya ya saurari numfashin wani.

Shekaranjiya Hajo ta zo gidana da rana tsaka, ko zama ba ta yi ba. Ta ce, "Baba, ya koma kallon bango."

Jiya da safe na ɗauki baro na je bakin hanya na ciko shi da ƙasa, na juye a rijiyar gidana. Na koma na ƙaro. Matata ta fito tana salati tana cewa tsufa ya taɓa ni. Na bar ta tana faɗa na dogara sanda zuwa wurin Bawa. Na same shi a zaure, ya ba ƙofa baya. Na ce, "Bawa, rijiyar gidana na son yasa."

Bai juyo ba ya ce, "Wadda munka yashe bara? Ruwanta garau na, na sha."

Na ce, "Tahi ka gani yanzu. Ƙasa niz zuba mata da sahe."

Sai ya juyo. Ya dube ni, ya dubi sandar, ya dubi gwiwoyina. Ya ce, "Kai mahaukaci na, Ummaru. Da wagga ƙahwa za ka sauka?"

Na ce, "To zauna. Sai in kira Nasiru shi zura ni da inji."

Ya sake duban gwiwoyina. Sannan ya dafa bango ya miƙe, yana laluben takalminsa. Ya ce, "Kak ka taɓa igiyar nan sai na duba ta."

Na sauka, ya riƙe. Ƙasar da na zuba da hannuna na yini ina kwasa, yau ko salla a zaune na yi ta. Ya ci tuwo a gidana, ya ci da yawa.

To ku saurara. Rijiya ɗaya gare ni, ba zan iya cika ta da ƙasa kowane mako ba, gwiwar ma ba za ta sake yarda ba. Ranar Asabar kuna da aiki a Bukkuyum. Kai Nasiru da kanka za ka je ƙofarsa da babur, ka ce masa ba ka sauka sai da shi, ka tsaya har ya fito ko zai kai hantsi. In kuwa kun ga wannan ya yi muku wuya, to ku zauna tun yanzu ku zaɓi wanda zai sauka a cikinku ranar da aka aiko kira. Na ɗauko mutane da yawa a rayuwata, amma Bawa ba ni zan ɗauko shi ba.